Sharar Ranar Juma'a

Ranar Asabar da hantsi aka tarar tambarin ba ya nan. Umda Abbashar, dagacin garinmu, shi ne ya fara gani da idonsa. Da a ce ɗaya daga cikinmu ma'aikata ne ya riga shi, na rantse da har yau ba a ji labari ba.

Ya zo ne da baƙi daga Khartum, yana ta fankama zai nuna musu tambarin tagulla na kakanninsa, wanda danginsa suka ba gidan tarihin garinmu aro tun ina goye. Ni na yanka musu tikiti, don aikina ke nan, ni Nafisa mai zaman taga. Ban gama gyara mayafina ba na jiyo ihunsa daga babban zaure. Akwatin gilashin a buɗe yake, ba a fasa komai ba, kuma ba komai a ciki sai ƙyallen da ake shimfiɗa wa tambarin, shi ma jiƙe sharkaf.

Kafin azahar gari ya ɗauka. A kasuwa aka ce Turawa ne suka saye. A bakin kogin Nilu, wurin masu jiran jirgin fito, aka ce dangin Umda ne suka sace kayansu don su kunyata gwamnati. Mata masu sayar da shayi kuwa sun yanke hukunci tun ruwansu bai tafasa ba: wa ke riƙe da makullai ranar Juma'a, ranar da gidan ke rufe? Baffa Jubara mai gadi.

Haka ma daraktanmu, Ustaz Mirghani, ya gaya wa 'yan sanda yana goge tabarau. Suka tambayi tsohon abin da ya gani. Ya ce, "Ban ga komai ba." Suka sake tambaya, ya maimaita. Sai suka sa shi a mota. Aka ce ranar Litinin za a wuce da shi kotu a babban birnin lardi, kuma wanda aka kai can a kan kayan tarihi ba ya dawowa da wuri. In ma ya dawo, ya dawo ba mutunci.

Baffa Jubara tsohon soja ne, aminin marigayi babana. Shi ya riƙo hannuna ya kawo ni gidan nan neman aiki. Ina kallo aka tisa ƙeyarsa, mu duka muna tsaye a baranda kamar an dasa mu, ba wanda ya ce uffan. Har da ni. Na ji haushin kowa, amma na fi jin haushin kaina.

*

Dole in gaya muku yadda gidanmu yake, in ba haka ba za ku ɗauka mu mugaye ne kawai. Ustaz Mirghani yana da doka guda wadda ba a rubuta ba: duk wanda ya kawo labarin ɓarna, shi ya yi ta. Ka ce fanka ta tsaya, ya ce kai ka taɓa ta. Ka ce gara ta ci ƙofa, ya tambaye ka ina kake lokacin da take ci. Daga nan sai gargaɗi, sai dakatarwa. A makon ma ya kori Hajja Batul mai shara gida, don ta ce ta ga ruwa kwance a babban zaure. Ya ce ita ta zubar.

Shi ya sa muka ƙware a rashin gani. Mukan tsallake tsagar daɓe muna hira, ba mai duban ƙasa. Shi dai abin da ya dame shi a ga gida fes. Ya sayo mana fararen takalma iri ɗaya, maza da mata, ya ce ma'aikaci sai da tsari, nasa kuwa na fata ne mai ƙaurin taku. Ya kuma hana kowa taka yashin tsakar gida, sai dai a bi ta baranda, don kada a ɓata wa baƙi hoto.

*

Umda ne ya kafe sai an kawo mai bin sawu. Ranar Lahadi da sassafe Saje Karrar ya iso, mutumin gabas, ɗan masu raƙuma, dogo, da farar jallabiya da siririyar sanda. 'Yan sandan lardi duka da shi suke taƙama, amma ba su kai shi taƙama da kansa ba.

Darakta ya dube ni ya ce, "Nafisa, zagaya da shi, bakin nan naki ya samu aikin yi."

Ba mu yi taku uku ba Saje ya fara. "'Yar'uwa, kin san ni kuwa? Na taɓa gane mace tana da ciki daga sawunta, mijinta bai ma sani ba."

"To Saje, yau ba ciki muke nema ba, tsoho za mu fitar daga kurkuku."

"Kai! Wa ya aure ki?"

"Wanda ya iya haƙuri."

Ya tsaya a bakin baranda ya dubi tsakar gida. Rabinta a share take, tun daga ƙofar zaure har bangon baya. Ya yi tsaki. "Wace mai albarka ce ta share min shaida? Ku 'yan birni ba ku da aiki sai tsintsiya." Ya juya muka fita ƙofar gida. Ni kuwa ban kawo komai a raina ba. Tsakar gidanmu kullum a share take, idona ya saba.

A waje ya sunkuya, ya yi ta zagaye kamar mai neman allura. Can ya nuna da sanda. "Mota ta tsaya nan ranar Juma'a. An yi ta shiga ana fita da kaya. Ga mai takalmin fata nan tsaye gefe, bai ɗauki komai ba, umarni kawai yake bayarwa."

Zuciyata ta yi fari ƙal. Takalmin fata mutum ɗaya ke sa shi a gidan nan. Ban ɓoye murnata ba, har guɗa ta kusa kuɓuce min. Muka bi sawun tayar ta bayan masallaci, ta gefen gonakin dabino, ina gaba ina ja masa hannun riga, har ƙofar gidan Ustaz Mirghani.

Matarsa ce ta buɗe. A tsakar gidan ga kujerun ɗakin taronmu jere reras, har da fankar ofishina da aka ce min ta ƙone. An yi lallen 'yar ƙanwarsa da su.

Ta ce, "Lafiya, Saje? Kujeru ne. Gobe za a mayar."

Saje ya leƙa ko'ina, ya auna sawun 'yan dakon da ido, ya girgiza kai. "Ba wanda ya ɗauki abu mai nauyin tagulla a cikinsu." Muka fito rana tana dukanmu. Na so a ce shi ne, wallahi na so, har na ji kunyar yadda na so.

*

Na sayi ful, dafaffen waken nan, da burodi muka wuce ofishin 'yan sanda. Baffa Jubara yana zaune a kan tabarma, ya miƙe ƙafafu, fararen takalman nan a ajiye gefensa kamar yana jiran a kira shi aiki.

Na ce, "Baffa, don girman Allah. Gobe ne fa. Me ka gani?"

"Ban ga komai ba, 'yata."

Saje ya tsuguna. "Ɗan'uwa, darakta ya kwashi kujeru ta gabanka. Su ma ba ka gani ba?"

"Ban gani ba."

"Makaho aka ɗauka gadi ke nan?"

Tsohon ya ɗan murmusa, ya gutsuri burodi. "Nafisa, koma bakin tagarki kafin ya ce kin yi fashin aiki."

Na fito idona ya cika. Ban taɓa jin ina so in girgiza babban mutum ba sai ranar.

*

A ɗakin gyaran kaya muka sami Ustaz Muntasir. Shi ne mai kula da lafiyar kayan tarihi, matashi mai karatu, mai sanyin magana. Shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, yayye mata sun kewaye shi, ko shayi sai sun fifita masa. Mukan tsokane shi da haka ya yi dariya. Ranar bai yi ba. Ya tashi ya zauna, ya ɗauki auduga ya ajiye, ya sake ɗauka.

Saje ya ce, "Ustaz, ina ka yi Juma'arka?"

"A gida. Wurin mahaifiyata."

"Wa kake zargi?"

"Ni? Ba kowa." Sai ya juyo gare ni. "Nafisa, da gaske gobe za a tafi da shi? Ba za a ɗan jinkirta ba?"

"Sai ka je ka roƙi ubangidanka."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka tausayi ne kawai, na ma ji ya ƙara daraja a idona.

*

Saura Hajja Batul. Hafsan 'yan sanda ya ce a bincike ta, tunda an ɓata mata rai, ƙila ta huce a kan tambarin. Muka tarar da ita gaban murhu tana yin kisra, wainar nan ta dawa mai faɗi, tana shafa ƙullun a kan faranti da sauri kamar da shi take faɗa.

"Ni? Ni da ba na iya ɗaga tulu sai jikata ta kama min? Ku je ku tambayi wanda ya ce ni na yi fitsari a zaurensa!"

"Hajja, ba a ce fitsari ba."

"Yo me ya rage? Ruwa yana ɗiga daga tankin saman rufi, daidai kan akwatin, kowa ya sani, ni ce dai wawiyar da ta buɗe baki."

Saje ya karɓi kisra mai zafi yana hurawa. "Ni dai laifinki ɗaya a wurina, kin share min tsakar gida."

Ta ajiye abin shafin. "Wace tsakar gida? Tun Laraba ban taka gidan tarihin ba."

Kisrar ta tsaya a hannunsa. Ya dube ni, na dube shi. Kunya ta kama ni, don na san an dakatar da ita, na kuma ga sharar da idona, amma ban haɗa biyun ba. Shi ma bai ƙara fankamar gane mace mai ciki ba. Ya miƙe kawai ya ce, "Hajja, ɗauko mayafinki."

*

La'asar ta yi sanyi da muka iso, rana ta karkata, kowane ɗan tudu a yashi ya fitar da inuwarsa. Hajja Batul na ganin sharar ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wannan ce aka ce tawa? Kaza ma ta fi wannan tono!"

Saje ya cire takalmi ya kwanta rub da ciki a bakin baranda, farar jallabiyar nan a ƙasa. Ya daɗe. Ya tashi ya matsa gaba, ya sake kwanciya. Ni kuwa na kasa tsayuwa wuri ɗaya, na je taga na dawo, na sake zuwa.

"Saje, me ka gani?"

"Ke ma ashe kin iya tambayar nan."

"Saje!"

Ya kakkaɓe jikinsa. "A gaya wa hafsa, kafin motar kotu ta tashi gobe, ya biyo da tsohon ta nan. A kira Umda. A tara kowa. Hajja, ki zo min da tsintsiyarki."

*

Ranar Litinin da safe muka taru a ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa. Motar kotu tana waje, direba bai ma kashe ta ba. Aka sauko da Baffa Jubara da ankwa a hannu. Umda ya zauna yana huci. Darakta ya duba agogo ya ce shi fa yana da taro.

Saje ya ɗaga tsintsiyar Hajja Batul, gajera ce ta ganyen dabino. Ya zana fili a ƙasa da sanda. "Mazan gidan nan, kowa ya share min nan."

Darakta ya ce, "Wannan wane irin wasa ne?"

"Kai zauna, Ustaz. Takalminka ya riga ya wanke ka. Kujeru kawai ka sani."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya ya mayar da ita tari. Mai lambu ya share, masinja ya share. Aka kwance wa Baffa Jubara hannu, ya karɓi tsintsiyar, ya duƙa har ƙasa, ya kwantar da ita, yana ja da baya yana shafe sawunsa, layi bisa layi.

Saje ya ce, "Sharar bariki. Wannan ko a mafarki ba zai yi waccan ƙazantar ba." Ya nuna tsakar gida. "Wanda ya yi waccan a tsaye ya yi ta, ya riƙe tsintsiya kamar alƙalami, bakinta kawai ke taɓa ƙasa. Ya kwashe saman sawun ya bar min dunduniya. Takalmin gidan nan ne, ƙafar namiji. Ya tafi da nauyi, taku gajeru, a hankali, irin tafiyar mai tsoron kada abu ya bugu. Ɓarawo ba ya tafiya haka. Ya dawo hannu sake. Tambarinka bai fita gidan nan ba, Umda. Kuma mutumin da ya ɗauke shi bai taɓa shara ba tun da aka haife shi."

Ya miƙa wa Ustaz Muntasir tsintsiyar.

Muntasir ya karɓa ta can sama, da yatsu uku. Ya dube ta. Sai ta faɗi daga hannunsa.

"Yana tsohon ɗakin dabino," ya ce.

Darakta ya zabura. "Ƙarya ne! Ɗakin nan a kulle yake, makullin ya ɓace tun tuni!"

Hajja Batul ta ce, "Kwaɗon ya karye tun bara waccan, Ustaz. Ba mu dai gaya maka ba ne."

*

A kan busasshen yashi muka sami tambarin, an lulluɓe shi da tabarmi. Muntasir ya yaye su a hankali ya juya tambarin. Gindinsa duk ya yi koren tsatsa, tana marmashewa kamar gishiri. Umda ya durƙusa ya taɓa wurin, yatsansa ya shige.

"Tun yaushe?"

"Tun da tankin ya fara yoyo. Na faɗa, aka ce maganin da nake goge shi da shi ne ya ɓata shi, in na sake ɗaga maganar a bakin aikina. Na ga zai mutu a gabana. Na ce in kawo shi inda ya fi bushewa ranar da ba kowa, in tsayar da tsatsar, in mayar. Sai ga ka da baƙi." Ya share fuska da hannun riga. "Da aka kama Baffa na buɗe baki, wallahi na buɗe, maganar ta ƙi fita."

Darakta ya nuna shi da yatsa. "Kun ji da bakinsa! Shi ya yi! Hafsa, kama shi!"

Umda ya miƙe a hankali. Bai ɗaga murya ba. "Ustaz Mirghani, kakana ya tsallaka kogi da tambarin nan a kansa don kada ruwa ya taɓa shi. Ba na ƙarar yaron. Kai kuwa za mu haɗu a Khartum." Ya sa 'ya'yansa suka naɗe tambarin a bargo suka fita da shi. Hafsa ya ce kayan da bai bar gida ba ba a kira shi sata, ya sallami motar kotu.

Na yi zaton zan yi guɗa. Na ruga wurin Baffa Jubara, yana zaune a kan bencinsa yana murza wuyan hannu.

"Baffa, an gama! Ashe da gaske ba ka gani ba."

"Na gani mana. Ina alwala ya wuce, rungume da shi kamar jariri."

"Ka gani? To me ya sa ka yi shiru har za a kai ka kotu?"

"Ranar Juma'a na yi shiru don kin san gidan. In na ce na gani, ni na yi." Ya ɗago ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, mai lambu, masinja, Muntasir, ni. "Ranar Asabar kuwa jira na yi. Na ce yaron zai yi magana. In bai yi ba, wani zai ce, haba, Jubara ba ya sata. Ko ba a saurare shi ba, ya dai faɗa. Har aka rufe ƙofar mota ina kasa kunne."

Na ce, "Baffa, ai na yi ta yawo a kanka."

"Kin yi, 'yata, Allah ya biya ki. Amma sai washegari."

Bakin nan nawa da kowa ke kuka da shi ya mutu murus.

Ya ciro makullan ya ajiye a kan benci. Ya sunkuya ya cire fararen takalman, ya jera su gefen makullan. Darakta ya fara cewa ai ba a kore shi ba, ya koma bakin aikinsa. Tsohon bai ko waiwaya ba. Ya sauka daga baranda ya taka yashin da aka hana mu takawa, ya ratsa tsakiyarsa ba takalmi, ya fita ta ƙaramar ƙofar baya wadda ke kallon kogi.

Na ce, "Zai huce. Gobe zai dawo, ko Saje?"

Saje Karrar ya dubi sawun tun daga baranda har ƙofa. Wannan karon bai yi fankama ba.

"'Yar'uwa, wannan ba sawun mai dawowa ba ne."

Hajja Batul ta tsinci tsintsiyarta, ta duƙa za ta fara daga bakin baranda, don darakta na tsaye yana kallon yashinsa da aka ɓata. Na riƙe mata hannu. Na ɗaga murya yadda zai ji, na ce a bar shi haka.